Daga Ƙarƙashin Rakuba: Ranar da Na Yi wa Magajiya Kishiya

Wannan makon na yi niyyar ci gaba da maganar da muka faro ta kuɗin dakon kaya daga Bur Sudan, sai uwargida ta ce in har ban rubuta abin da ya faru a gidanmu ba, ita za ta rubuta ta aika wa edita, kuma ba za ta rufa min asiri ba. To, gara a ji daga bakina.

Maganar kyanwa ce. Na san wani zai taɓe baki ya ce jama'a suna fama da abin kaiwa baki, shi wannan ya zo da zancen mage. Ka yi haƙuri, ɗan uwa. Wannan zancen magen ya hana mahaifiyata cin abinci na kwana uku, ya kai 'yata asibiti, ya sa autana ya yi mako guda gaisuwarsa gare ni ba ta wuce ta dole ba.

Muna da tsohuwar kyanwa a gidan, ta Inna ce, sunanta Magajiya. Ta kai shekara goma. Lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, mun yi 'yan makonni muna cewa gobe zai lafa, jibi zai lafa, har dai muka haƙura muka bar Ombadda muka nufi Wad Madani. Inna ta bar akwatinta na ƙarfe da kwanukan da ta tara shekara da shekaru, amma ta sa Magajiya a kwando ta rufe da tsohon mayafi ta ɗora a cinya. Na ce mata, "Inna, mutane ma da ƙyar suke samun wurin zama a motar nan." Ta ce, "Cinyar taka ce?" Da Madani ta rikice a watan Disamba na shekarar, haka aka sake ɗaukar kwandon zuwa Gadarif. Kyanwar nan ta ga garuruwan da wasu 'yan kasuwar ba su gani ba. Bayan sojoji sun ba da sanarwar karɓe Kasuwar Libiya a ƙarshen Maris na 2025, na fara zuwa ni kaɗai na duba, iyali kuma suka biyo baya da damina ta ɗauke, kwando na cinyar Inna kamar yadda ya tafi.

Shagon na same shi babu ƙofa, babu ko ƙyalle. Waɗanda suka kwashe, Allah Ya san su. Na ci bashi na sa ƙofa, na ɗan zuba atamfa da shadda da yadi. Sai ga wasu ɓarayin da ƙofa ba ta tsare su. Ɓeraye sun yi shekara biyu suna sarauta a layinmu, babu mai shara, babu mai tsawa. Dila guda ta atamfa suka huda min tun daga gefe har tsakiya, kowane turmi da rabonsa. Duk wanda ya san atamfa ya san turmin da ɓera ya taɓa, ko rabin kuɗi ba a ba ka.

Ana cikin haka ne wani dattijo, maƙwabcin shagona tun ina yaron shago, ya zo yi min sallama. Ya shekara arba'in da wani abu a Omdurman, yaƙin ma a Sawra ya zauna bai fita ba, amma yanzu ya ce ƙarfi ya ƙare, jari ya ƙare, zai koma Kano wajen 'ya'yansa. Ya ce akwai amana da zai bar min. Na ɗauka makullin sito ne ko wani bashi da zan karɓar masa. Ashe kyanwoyi ne guda biyu, wa da ƙanwa, da ya tsinta suna jarirai a bayan gidansa lokacin da ake luguden wuta, ya raine su da hannunsa. Macen siririya ce fara, ya sa mata Kisra saboda rashin kauri. Namijin ja ne mai fitina, sunansa Shatta, barkono ke nan a Larabcin mutanen nan. Ya ce, "Su suka ɗebe min kewa sanda babu mai shigowa gaishe ni. Kada ka bari su koma bola." Na ce na ɗauka. A raina kuma ina lissafin atamfata, ina cewa faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ga inda na yi wautar. Na zuba su a kwali, na hau raksha, na iso gida bayan la'asar, na ajiye kwalin a tsakiyar hosh, wato tsakar gida, na kira yara na buɗe. Ban yi shawara da kowa ba.

Magajiya tana kwance a gindin randa. Ta miƙe, gashin bayanta ya tashi, jelarta ta kumbura kamar tsintsiya, ta yi wani huci da ban taɓa ji daga bakinta ba. Kisra ta faɗa ƙarƙashin angareb ɗin Inna. Shatta ya tsaya ya mayar da martani, kafin ka ce kwabo sun cure wuri guda, ƙura ta tashi. 'Yata mai shekara takwas ta kai hannu za ta raba, ta samu rabonta tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, da cizo guda a yatsa. Shatta ya haye rakuba. Da asuba autana ya je ba tattabarunsa hatsi, ya tarar da fuka-fukan ɗan shila a ƙasa. Da kuɗin da ya tara na aike a kasuwa ya sayi iyayen, wannan ne kuma ƙyanƙyasar farko.

Magajiya ta daina cin abinci. Ta yi fitsari a kan shimfiɗar Inna, abin da ba ta taɓa yi ba ko a cikin kwando a hanyar Gadarif. Rana ta uku aka neme ta aka rasa.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana. Ta dube ni ta ce, "Kai wannan, ko kishiya za a yi wa mace ai sai an sanar da ita, a yi mata kayan faɗar kishiya, a ware wa amarya ɗakinta. Kai ka kwaso biyu ka zube mata a tsakar gida." Daga nan ta ture kwanon tuwo, ta juya fuska bango.

Mun same ta rana ta huɗu a wani gida da masu shi ba su dawo ba, a bayan fasasshiyar randa, ta rame. A nan zan ɗan tsaya in ja kunnen waɗanda suka dawo Omdurman da Bahri da Khartoum: in dabba ta ɓata, kada a tura yara nemanta a gidajen da babu kowa. Har yanzu akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a cikin kangaye, ga kuma karnukan da suka saba da rashin mutane. Babba ya je, ya bi inda aka riga aka taka, kada ya ɗaga abin da bai sani ba.

Wanda ya fitar da ni daga wannan ruɗanin wani matashi ne ɗan Hausawan Mai Wurno, mai teburin caja da rigunan waya a bakin layinmu. Na daɗe ina sayen caja a wurinsa ban san likitan dabbobi ba ne, ya yi karatunsa a Shambat, yaƙi ne ya zaunar da shi a tebur. Muna shan shayi nake ba da labari ana dariya, shi bai yi dariya ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, yarinyar fa? An kai ta asibiti?" Na ce an shafa mata man zafi an ɗaure. Ya ajiye kofin ya ce in tashi yanzu.

Abin da ya faɗa min, kowane mai yara ya riƙe shi. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba, kyanwa ma tana kamuwa tana kuma sa wa mutum ta cizo ko yaƙushi. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma allurar rigakafi tana hana shi in an fara ta da wuri. Abu na farko shi ne a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, ana zuba ruwa yana gudana, sannan a nufi asibiti, likita ne zai ce a yi allura ko a'a. Ita kuma dabbar a tsare ta a sa mata ido kwana 10, in ta wuce su garau, ba ta ɗauke da cutar a yawunta lokacin da ta yi cizon. Ya ƙara da cewa haƙorin kyanwa siriri ne kamar allura, yana cusa ƙazanta can ciki bakin ciwon ya rufe, shi ya sa yatsa ke kumbura ya yi ruwa. Mun sha yawo kafin mu samu allurar, amma an samu, yarinya ta warke, alhamdu lillahi.

Bayan wannan ne ya zaunar da ni ya karantar da ni halin kadisa, kamar yadda mutanen nan ke kiran kyanwa. Ya ce kuskurena shi ne na ɗauke ta kamar akuya. Akuya dabbar garke ce, ka sayo sabuwa a Muwailih ka saka cikin naka, su ɗan gwada ƙaho, gobe suna kiwo tare. Kyanwar gida kuwa jikar kyanwar dajin Afirka ce, wadda ke farauta ita kaɗai, kowace da yankinta. Masana sun sa wa wannan ta dajin suna Felis lybica, wato dai ta Libiya. Ya ce, "Ka ga, Alhaji, kakarsu ma 'yar kasuwarmu ce." Dubban shekaru da suka wuce ta matso kusa da mutum saboda ɓerayen rumbu, amma ba ta bar halinta na mallakar wuri ba.

Kuma da hanci take mallakar. In ka ga kyanwa tana goga kumatunta a ƙafar gado, a bakin ƙofa, a ƙafarka, tambari take bugawa. Akwai wani ƙamshi da ke fita daga kumatunta wanda mu ba ma ji, su suna ji. Gidan da ni nake gani ɗakuna uku da rakuba, ita Magajiya takarda ce da ta sa wa hannu lungu-lungu. Rana ɗaya sai ga baƙi biyu da warin wani gida a tsakiyar takardar. Fitsarin da ta yi a shimfiɗar Inna ba rashin kunya ba ne, ta je wurin da ya fi mata daraja ne ta sake buga tambari don tsoro. Da na faɗa wa Inna haka ta ce ita ai ta sani, ni ne ban sani ba.

Ya kuma tsorata ni da maganar rashin cin abincin. Kyanwa ba ta jure yunwa yadda kare ke jurewa. In ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci komai ba, musamman mai ƙiba, kitse na iya taruwa a hantarta ya kashe ta. Don haka aikin farko shi ne Magajiya ta ci. Uwargida ta aika aka sayo bulti a Mawrada, ta dafa shi ba gishiri ba albasa, ta zare ƙaya, Inna ta riƙa ba ta da hannu yana da ɗan ɗumi. Wannan shi ne kayan faɗar kishiyar, ko da yake ya zo a makare.

Sai muka koma farko, kamar ranar ne aka kawo su. Aka share ɗan ɗakin da muke ajiye gawayi da tarkace, aka sa Kisra da Shatta a ciki da ruwansu, da kwanon abincinsu, da tsohuwar roba cike da yashi don bayan gida, da kwali mai ƙofa inda za su ɓuya. Likitan ya ce mako biyu ba za su haɗu da Magajiya ba ko da ido. Dalili biyu ne. Ɗaya hankali ya kwanta. Ɗayan kuma cuta: murar kyanwa, ƙuma, tsutsar ciki, da makero wanda yake kama yara. A cikin mako biyu yawancin abin da baƙo ya zo da shi zai nuna kansa. Sai dai a kula, a garin da zafi ke wuce digiri 40 ba a kulle rai a ɗakin kwano marar taga. Namu yana da taga, muka buga mata waya, muka sa kwanon ruwa biyu.

Inna ce ta fara tayar da ƙayar baya. Ta ce ita fa ba za a kulle kyanwa a gidanta ba, ko na manta matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwa? Uwargida ta ce, "Inna, waccan ai ɗaure ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Waɗannan kuwa sun fi Abban yara cin kifi." Aka yi dariya, a karon farko cikin mako.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin tsumma. Za ka samu tsohuwar safa mai tsabta, ka goga a kumatun Kisra, ka kai ka ajiye nesa kaɗan da inda Magajiya ke cin abinci. Wata safar ka goga a kumatun Magajiya ka kai ɗakin baƙi. Ba a cusa mata a hanci, ajiyewa ake yi a tafi. Ranar farko Magajiya ta shinshina ta yi huci ta bar wurin. Rana ta uku ta shinshina ta wuce. Rana ta shida muka tarar ta kwanta a kusa da safar Kisra. Ta Shatta kuwa ko yaushe sai ta yi mata huci, kuma da na san karatu da tun a nan na gane inda maganar za ta ƙare. Autana ne ya karɓi wannan aikin, duk da fushin da yake yi, shi yake kai safa yana kawowa kamar ɗan aiken masu neman aure.

A mako na biyu muka fara musayar wuri. Da rana in Magajiya ta shiga ɗakin Inna, sai a rufe, a saki baƙin su zagaya tsakar gida na rabin sa'a, su san lungu da saƙo, su bar nasu warin. In an mayar da su sai ta fito ta bi sawu tana bincike. Aka kuma matso da kwanukan abinci kusa da ƙofar ɗakin, ita a waje su a ciki, kullum ana ƙara matsowa da taki guda. Hikimar ita ce duk lokacin da ta ji warinsu, bakinta na cikin daɗi. In ta ƙi ci, an yi gaggawa ke nan, a ja kwanon baya.

Da mako biyu suka cika sai muka cire ƙyauren muka jingina firam mai ragar waya, wadda ake ce wa namliyya a nan, suna ganin juna ba sa taɓa juna. Minti biyar, a rufe. Gobe minti goma. A nan ne na koyi karanta kyanwa. In kunnuwa suka kwanta baya, jela tana bugun ƙasa, ido ya kafe ba ƙiftawa, ga gurnani daga ciki, to a rufe ƙofa a koma matakin jiya. In kuwa ta kalli baƙuwa ta lumshe ido, ko ta juya mata baya, ko ta zauna tana lasar hannu tana wanke fuska, an samu ci gaba. Huci sau ɗaya ba faɗa ba ne, cewa take yi tsaya daga nan. Kada a doke ta a kansa, kada a yi mata tsawa, don za ta haɗa dukan da fuskar baƙuwar ne, ƙiyayya ta ƙaru. In faɗa ya kaure, a tafa hannu da ƙarfi ko a sa faifan kwali a tsakani ko a jefa musu bargo. Hannu dai a'a, mun riga mun biya kuɗin wannan karatun.

Ga 'yan uwa da ke zaune a benaye a Jidda ko Alƙahira ko Dubai, inda babu ƙasa a tsakar gida, likitan ya ce ƙa'idar robar yashi ita ce adadin kyanwoyi a ƙara ɗaya, kuma kada a jera su wuri guda, don mai ƙarfi takan zauna a hanya ta tare wa mai rauni. Haka kwanon abinci, kowa da nasa, nesa da juna. A samar musu wurin hawa, ko saman kabad ne, domin kyanwar da ta samu tudu ta hango abokiyar zamanta daga sama ba ta cika neman faɗa ba. Mai juna biyu kuma kada ta kwashe kashin kyanwa, akwai wata ƙwayar cuta a cikinsa da ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Wani ya ɗauke mata, a riƙa kwashewa kullum, a wanke hannu.

Tattabaru fa? Nan babu safa, babu sulhu. Na tambayi likitan yadda za a saba wa Shatta da su, ya ce, "Alhaji, yaya ake saba wa wuta da auduga?" Magajiya ce ta ruɗe mu. Ta tsufa, ta ƙoshi, tattabara na sauka a gabanta ba ta ɗaga kai, kyanwar Lami ke nan, ba cizo ba yaƙushi, sai muka ɗauka haka kowace take. Matashiyar kyanwa kuwa in ta ga abu na motsi sai ta kai hannu, ko cikinta a cike yake. Maganin kafinta ne. Muka ɗaga gidan tattabarun a kan ƙarfe guda mai santsi, nesa da katanga da rufin rakuba inda za a iya dirowa, aka zagaye shi da waya mai ƙananan ido, ana rufe ƙofarsa da magariba. 'Yan tsakin uwargida kuma suna cikin akurki har sai sun yi girman da kaza za ta iya kare kanta. Mai aku ko zomo ko kanari, hukuncin ɗaya ne. Autana na biya shi diyya da tattabaru biyu, ya ce ɗan shilan da aka ci jinin masu tsada ne, aka daidaita a kan uku. Ɗan kasuwa ne, ban yi mamaki ba.

Akwai abubuwan da muke yi da kyakkyawar niyya suna kashe dabbar, kuma na ga ya kamata in faɗe su ko da maganar ta yi tsawo. Panadol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ranar da Magajiya ta dawo a rame saura kaɗan Inna ta jiƙa mata rabi. Maganin kaska da ƙuma na karnuka da shanu, da yawansu suna sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, kada a shafa mata sai wanda aka rubuta na kyanwa ne. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ragowar miyarmu ba abincinta ba ce. Madarar shanu da muke ganin gata ce, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Turaren wuta kuma, wanda gidan Sudan ba ya rabuwa da shi, kada a turara shi a rufaffen ɗaki da kyanwa a ciki. Sai babba a wajenmu 'yan kasuwa: maganin ɓera. In ka kawo kyanwa, ka kwashe duk gubar da ka zuba a sito, ka kuma roƙi maƙwabta su faɗa maka in sun zuba, don tana iya cin gubar ko ta ci ɓeran da ya ci.

Mako na huɗu aka cire ragar. Kisra ta fito tana rarrafe, ciki a ƙasa. Magajiya ta yi mata huci guda, ta ɗaga hannu ta ɗan mare ta a ka ba tare da fitar da farce ba, Kisra ta kwanta. Shi ke nan, an san babba. Shatta kuwa sau uku muna gwadawa, sau uku yana bin tsohuwar da gudu har gindin randa, ba da mugunta ba, wasa yake nema, amma mai shekara goma ba ta da abin yi da wasan saurayi. Ta sake fara rage cin abinci. Ga shi kuma ya fara fesa fitsari a bango irin na muzurai, warin har zaure.

Dama akwai wata matsalar tana tafe. Kyanwa ba ta san wa da ƙanwa ba. Mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Mai biyu a bana, baɗi yana da garke. Likitan ya ba da shawarar a yi wa Shatta fiɗiya, ya ce tana rage yawo da faɗa da fesa fitsari. Na san malamai sun yi saɓani a kan wannan, na tambayi limaminmu ya ba ni amsar da ta kwantar min da hankali, kowa kuma ya tambayi nasa. Aka yi masa, aka yi musu allurar haukan kare su ukun. Ita Kisra aikin mace ya fi girma, muna jiran a samu wurin da ya dace, kafin nan ba ta kwana a waje.

A ƙarshe dai na yarda cewa ba kowane zama ne ake tilastawa ba. Shatta ya koma shago, inda tun farko don shi na yi kwaɗayinsu. Nan ma sai da aka bi ƙa'ida: mako uku yana ciki ba ya fita, da yashinsa da ruwansa, har ya buga tambarinsa a kowace dila, in ba haka ba zai kama hanyar neman gida ya ɓace. Na yi yarjejeniya da mai gadin layinmu yana ba shi abinci ranar Juma'a da duk ranar da ban fito ba. Masu cewa a bar kyanwa da yunwa don ta fi kama ɓera, ba gaskiya ba ne. Mai yunwa bola take tafiya ko ta koma inda ake ba ta, ƙosasshiya ce ke zama a wurin tana farauta don nishaɗi. Kuma kada in yi muku ƙarya, ƙananan ɓeraye ya gama da su, amma manyan nan da ake kira jugur, masu kama da gafiya, kallon juna suke yi da shi cikin mutunci. Warinsa ya sa sun rage shigowa, sauran aikin na siminti ne da toshe ramuka da ɗora kaya a kan katako. Tun da ya tare dai ban sake asarar turmi ba.

Shekaranjiya dattijon ya kira ni ta WhatsApp daga Kano. Bai tambayi kasuwa ba, bai tambayi farashin shadda ba, cewa ya yi in nuna masa amanarsa. Na juya wayar ya ga Shatta a kan dila yana barci, ƙafa huɗu a sama. Da na koma gida na sake kiransa na nuna masa angareb ɗin Inna: Magajiya a wajen kai, Kisra a wajen ƙafa, tsakaninsu kamu ɗaya, Inna a tsakiya tana jan carbi. Ya yi shiru, sannan ya ce Kisra ta yi ƙiba, a canza mata suna zuwa Gurasa. Inna ta karɓe wayar suka shiga gaisawa, ta ce masa kamun nan ɗaya da ya gani, makon jiya kamu biyu ne.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan kuɗin dako daga Bur Sudan.